Ƙurungu Biyar a Aboabo

A Kejetiya na saye su, cikin leda,
sidi arba'in bayan dogon ciniki,
kowanne bai kai tsawon ɗan yatsana ba.
Na rungumo su a mota kamar mai dakon ƙwai,
yaron mota ya leƙa, ya ce:
Baba, wannan ko miyar yaye ba za ta yi ba.

Su shida ne a lokacin.
Na shidan ni na kashe shi, ba zan ɓoye ba.
Na tari ruwan famfo na juye musu kai tsaye,
na watsa abinci kamar ana walimar suna.
Da asuba na tsamo shi da cokali, ya sandare.
Tun ran nan ruwa sai ya kwana biyu a bokiti
warin magani ya fice,
kuma rubu'i nake canzawa, ran Laraba,
ba duka ba.
Kifi ba ya son a sauya masa gari dare ɗaya.

Yashi na shimfiɗa musu, mai laushi, wanki bakwai,
don tsakuwa mai kaifi tana cinye gashin baki,
shi kuwa ƙurungu da gashin bakinsa yake lalube.
Ga fasasshen tulun marigayiya Azumi a kusurwa.
Da ta ga abin da tulunta ya zama
da ta riƙe haɓa, sannan ta yi dariya.

Mame Serwa, mai sayar da gawayi a ƙofar gida,
kullum sai ta tambaye ni da Hausarta mai gishiri:
Alhaji, yaushe za su girma mu sha romo?
Nakan ce mata, waɗannan ba sa girma.
Takan ce, to amfanin me?
Har yau ban ba ta amsa ba.

Akwai ɗaya da ke iyo a rigingine,
ciki sama, baya ƙasa.
Ranar da na fara gani, salati na yi,
na ɗauko cokalin nan.
Sai ya kaɗa jela ya wuce ni.
Jikata Fulera ta sa masa suna Ba-ruwana.

Da rana ba ka ganin kowa,
akwatin gilashi ne kawai da kumfa.
Sai bayan isha'i, in na rage fitila,
su fito ɗaya bayan ɗaya suna sunsunar yashi.
Na san wannan hali.
Shekara talatin da ɗaya ina jan babbar mota
daga Kumasi zuwa Bolga, cikin dare,
har barcin dare ya yi fushi da ni, bai dawo ba.

Shekaranjiya aka ɗauke wuta wajen ƙarfe ɗaya.
Injin iska ya yi tari, ya yi shiru.
Unguwa ta yi tsit, sai karnukan Asawase.
Na haska tocila: ga su a sama, su biyar,
baki buɗe, suna haki.
Na ɗauki kofin shayina,
in ɗiba, in ɗaga, in tsiyaya,
in ɗiba, in ɗaga, in tsiyaya,
har kafaɗata ta tuna da sitiyari.
Ban ƙirga ba. Ladan ne ya ƙirga mini.

Da wuta ta dawo, kumfa ta tashi,
suka koma gindin tulu, ba ko sannu.
Ba-ruwana ne kaɗai ya tsaya,
ya juya mini cikinsa mai ɗigo-ɗigo.

Na wanke kofin. Na ɗora ruwan shayi.
A waje Mame Serwa tana kwance bakin buhu.